Na Tura Wa Kociyoyi Sako Babu Wanda Ya Kula Ni, In Hakura Ne?

Filin Tambaya Da Amsa

Wannan makon wasiku uku ne suka zo kusan akan magana daya, wato neman karatu a Amurka ta hanyar wasa, duk daga cikin garin Kaduna, sai na hada su waje daya. Na dan rage musu tsawo, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Ni dan Tudun Wada ne, shekarata 19, na gama sakandare bara kuma WAEC dina yayi kyau alhamdulillah, ina da A a lissafi sauran B da C. Ina buga kwallon kwando tun ina JSS2, kullum da yamma ina Murtala Square wani lokacin kuma sitadiyam, duk wanda ya sanni a wajen yasan ina taba abu ba yabon kai ba. Burina in tafi Amurka inyi karatu ina buga wasa. Na tura wa kociyoyi imel har na gaji da kirgawa, na hada da bidiyo, wlh ko daya bai amsa ba, guda daya ne naga amsa shima na'ura ce ta turo wai sun gode. Abokaina sunce in babu kocin da yake sonka toh ka manta kawai babu makarantar da zata daukeka. Gaskiya ne? In hakura in sayi fom din JAMB ko akwai wata hanya? Daga kaninka a Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam kanena. Abokanka rabin gaskiya suka fada maka, kuma rabin da suka bari shine mai amfani a gareka. A jami'o'in Amurka ofis biyu ne daban, akwai ofishin daukar dalibai akwai sashen wasanni, kuma ba koci ne yake bada adimishan ba. Abinda koci yake dashi shine 'yan gurabe kadan da zai iya cewa ofishin daukar dalibai ga yarona ku duba min shi da idon rahama, sannan a wasu makarantun yana da kudin tallafi da yake rabawa 'yan wasansa. In babu koci a bayanka wadannan biyun ka rasa. Kofar makarantar kuwa tana nan, layin da kowa yake bi zaka bi, kuma mafi yawan daliban da suke cikin kowace jami'a ta nan suka shiga, basu taba gaisawa da koci ba.

Amma bari mu fara da shirun nan da yake damunka. Baka fada min makarantun da ka turawa ba, sai dai zan iya rantsuwa akwai Duke da Kentucky a ciki, don sune muke gani a talabijin. Hukumar NCAA da take kula da wasannin jami'o'i rukuni uku gareta, D1 da D2 da D3. A D1 akwai makarantu sama da 350, kuma tim din kwallon kwando mutum 15 ne ko kasa da haka, duk duniya ake rububinsu, daga Sabiya har Senegal har Ostireliya. Tun 2018 kuma aka bude wani rumbu a intanet da 'yan wasan da suke son canza makaranta suke saka sunansu, toh kocin da yake neman mai tsaron baya yanzu can yake fara lekawa, ya dauki wanda ya riga ya buga shekara biyu a jami'a ga alkalumansa a rubuce, me zai kaishi ga yaron da bai taba gani ba daga Kaduna? Sannan a watan Yuni 2025 kotu ta amince da wata yarjejeniya da ta sa iyaka a yawan 'yan wasan kowane tim a manyan makarantun da suka shiga cikinta, wanda hakan ya kara matse gurbin masu zuwa gwaji. Kaga kenan shirun ba lallai raini bane, wani ma bai bude sakon ba.

Sai bidiyon. Na kalli irin bidiyon da yaranmu suke hadawa, minti uku, waka tana tashi kamar gidan biki, kowace kwallo da aka jefa ta shiga, mai daukan yana rike da waya hannunsa na rawa yana ihu. Koci bazai koyi komai a wannan ba, don bai san su waye kake bugawa dasu ba, bai ga me kakeyi in kwallo bata hannunka ba, bai ga yadda kake komawa baya in an kwace ba. Ka samu wasa daya na gasa ta gaske, a dora waya akan wani abu daga sama yadda za'a ga fili gaba daya, a dauka daga farko har karshe ba yanka, ka saka a YouTube, ka rubuta lambar rigarka da kalarta. A imel din kuma layi biyar ya isa, tsawonka na gaskiya ba takalmi, inda kake bugawa, shekarar da ka gama makaranta, sakamakon WAEC, da lambar kocinka na nan wanda za'a iya kira ya bada shaida. Ka turawa mataimakin koci don shi yake karanta sako, ka cike fom din masu sha'awa da yake shafin wasanni na makarantar. Kuma ka sauko kasa, D2 da D3, da wata kungiya daban ta kananan jami'o'i mai suna NAIA, da kwalejojin shekara biyu na NJCAA. Can ne kociyoyi suke da lokacin amsa sako.

Nasan za'a kawo maka labarin Hakeem Olajuwon, cewa a 1980 ya sauka Houston daga Legas babu wanda yazo tarbarsa a filin jirgi, tasi ya hau zuwa jami'ar. Gaskiya ne, amma mutumin kusan kafa bakwai ne, kuma akwai wanda ya ganshi yana wasa ya yiwa kocin Houston magana kafin ya taso. Ni wanda nafi so ka duba na kusa da gida ne, Masai Ujiri da ya tashi a Zariya. Ba wata babbar jami'a ya fara ba, kwalejin shekara biyu ya buga a Bismarck, jihar Dakota ta Arewa, inda sanyi yake kamar me. Bai taba buga NBA ba, aikin farauto 'yan wasa ma da ya fara yiwa Orlando Magic kyauta yayi, amma shine ya jagoranci Toronto Raptors suka dauki kofin NBA a 2019.

Toh yanzu a ce ka sake turawa kuma har yanzu shiru. Sai ka nema a matsayin dalibi, kuma anan maganar ta koma kudi, don shine ainihin katangar ba koci ba. Manyan jami'o'i masu zaman kansu kudin shekara daya da masauki da abinci ya haura dala 80,000, ka lissafa da canjin yau ka gani. Abinda mutane da yawa basu sani ba shine D3, wanda yafi kowane rukuni yawan makarantu, sam babu tallafin wasa a cikinsa, haka ma jami'o'i takwas din nan na Ivy irinsu Harvard da Yale da Princeton, ko kaine gwanin gwanaye ba'a baka kobo saboda kwallo. Tallafinsu na bukata ne, a duba karfin iyayenka a cike maka gibin. Akwai 'yan kadan irinsu Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin da basa duba aljihun dalibi wajen dauka ko da dan kasar waje ne, in sun daukeka kuma su biya abinda baka iyawa. Sai dai shiga cikinsu wuya ne da gaske, Harvard cikin mutum dari da suka nema bata daukar biyar. Akwai Berea a jihar Kentucky da ba'a biyan kudin karatu, dalibai suna yiwa makaranta aiki, amma itama 'yan waje kadan take dauka a shekara. Sauran makarantu da yawa suna bada ragi ne saboda kyawun sakamako, rabi ko kasa da haka, sauran kai zaka nemo. Don haka A dinka na lissafi a wannan layin yafi duk kwallon da ka taba jefawa daraja, kuma da nine kai da yamma biyu a sati na ajiye kwallo na zauna da SAT, wato jarabawar neman shiga jami'o'in Amurka, maki 1600 ne gaba daya, makarantu irinsu MIT da Harvard sun dawo da jarabawa irinta dole bayan sun dan sassauta lokacin korona.

Wasan naka bai tashi a banza ba fa. Yawancin makarantun nan da fom daya ake nemansu, Common App, ana bude shi 1 ga Agusta, masu nema da wuri su mika a Nuwamba sauran farkon Janairu. A ciki akwai wajen rubuta ayyukanka guda 10 banda aji, kowanne an baka haruffa 150 kacal, sai insha'i da baya wuce kalma 650. Kada ka bata haruffan nan da cewa kana son kwallo tun kana yaro, kowa haka yake rubutawa. Ka fadi abinda za'a iya gani, awa nawa a sati, shekara nawa, kaine kyaftin ko a'a, ko kaine kake tara kudin kwallo da raga in ta yage, ko kana koyawa kananan yara ranar Asabar, ko daga shagon babanka kake wucewa fili. Mai karanta fom din ba neman wanda zai ci masa wasa yake ba, so yake yaga yaron da ya rike abu shekara da shekaru babu mai tilasta masa. Ka nemi malamai biyu da suka sanka da gaske su rubuta maka shaida, ba shugaban makarantar da bai san fuskarka ba. Kuma akwai ofishin EducationUSA a Abuja, na gwamnatin Amurka ne, aikinsu kenan bada shawara akan irin wannan, har suna da shirin da yake taimakawa dalibai masu kokari marasa karfi da kudin jarabawa da na fom. Ka hau jirgin kasa daga Rigasa kaje, yafi ka zauna kana jin ance ance a bakin fili.

In Allah yasa an daukeka, lokacin ne zaka sake rubutawa koci, kuma wannan karon sakon ya canza, don cewa zakayi ni dalibinku ne na riga na samu gurbi, bana neman kobo a wajenka, yaushe ne gwaji. Irin wannan dan wasa suna ce masa wok-on. Scottie Pippen haka ya fara a wata jami'ar NAIA a jihar Arkansas, har kayan tim yake kula dasu, daga baya ya dauki kofin NBA shida da Chicago. Amma kada labarin ya rude ka, yawancinsu benci suke dumamawa, suna tirenin daidai da kowa tun asuba, babu kudi, wani tim din ma baya yin gwajin gaba daya a wasu shekarun. Wanda bai samu ba sai ya shiga tim din kulob na dalibai da suke karawa da wasu makarantu, ko gasar cikin gida tsakanin dakunan kwana. Shi yasa duk makarantar da zaka saka a jerinka ka tambayi kanka, in naje aka ce babu gurbi a tim, zan iya zama shekara hudu anan in karanta abinda nake so, kuma kudin zai fito? In amsar a'a ce cire ta.

Akwai agogo kuma da yake tafiya baka sani ba. Duk mai son buga D1 ko D2, har wok-on din, sai yayi rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA, su duba takardunka tun daga JSS3, darussa 16 da suka kayyade, da matsakaicin maki na GPA, a ma'auninsu na 4, da bai gaza 2.3 ba a D1, 2.2 a D2. Zasu tambayeka duk tim din da ka bugawa, ko an taba biyanka, ko ka taba sa hannu a kwantiragi ko da ejan wato dillalin 'yan wasa, ka fadi gaskiya. A yawancin wasanni shekara daya ake daga maka kafa bayan gama sakandare, in ka wuce haka kana buga gasa a tsare ana iya zaftare maka shekarun wasa. Kai kace bara ka gama, toh lissafa. Dokokin nan ana yawan taba su a 'yan shekarun nan, ka karanta na yanzu a shafinsu kafin ka shiga wata sabuwar gasa.

Sai biza, wadda ba koci ba shugaban jami'a ma bashi da iko akanta. A Yuli 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku shiga daya, a Disamba na shekarar kuma aka saka Najeriya cikin kasashen da aka takaitawa biza har da ta dalibai, daga 1 ga Janairu 2026. Irin wannan doka yau a saka gobe a sassauta, don haka kafin ka kashe ko sisi ka bude shafin ofishin jakadancinsu kaga inda aka kwana.

Maganar JAMB kuwa, sayi fom dinka yau ba gobe ba, kada ka saki reshe ka kama ganye. Lokacin ma ya dace, don amsar makarantun Amurka zuwa karshen Maris ko farkon Afrilu take fitowa, kafin a fara maganar adimishan anan ka riga kasan matsayinka. Abu daya zaka rike, ranar da kayi rajista a matsayin cikakken dalibin jami'a, ko KASU ce ko ABU, a dokar D1 da aka dade ana aiki da ita shekarunka biyar na wasa sun fara kirguwa, kuma makarantu da yawa zasu daukeka a matsayin mai canjin makaranta, wanda tallafinsa yafi karanci. Wannan ba dalilin zaman gida bane. ABU tana da tarihin kwallon kwando da babu mai raina shi a kasar nan, akwai gasar NUGA ta jami'o'in Najeriya, kuma mai digiri mai kyau yana iya fita karatun digiri na biyu da tallafi ba tare da ya roki koci ko daya ba.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni uwa ce daga Unguwar Rimi. Dana yana buga kwallon kafa, kowa yana cewa yana da kafa, toh wani mutum da yake zuwa filinsu yace zai samo masa sikolashif a Amurka, wai ba sai koci ya ganshi ba shi yana da hanya, amma mu kawo miliyan uku da rabi, rabi yanzu rabi in takarda ta fito. Ya nuna mana wata wasika a waya mai tambarin makaranta. Kuma yace sai an rage masa shekara uku a fasfo don shekararsa 21. Mahaifinsa ya rasu, fili daya ya bar mana a Rigachikun shi nake tunanin sayarwa. Yaron ya hanani barci. Me kake gani?

AMSA: Hajiya Allah ya jikan maigida, ya raya abinda ya bari. Kada ki sayar da filin nan. Tallafin wasa koci ne kadai yake bayarwa, daga kasafin tim dinsa, ga yaron da ya gani ya kuma yarda dashi, don aikinsa ne akan layi in yaron bai iya ba. Duk wanda yace miki akwai tallafin wasa ba tare da koci ya ga yaro ba, maganarsa ta karyata kanta tun a jimlar farko. Kuma a kwallon kafa ma an saba gutsuttsura tallafin ne, wannan a bashi kwata wancan rabi, cikakke sai wanda ya fita daban.

Wasikar waya kuwa duk yaron da ya iya kwamfuta a shagon buga takardu zai hada miki irinta kafin ki gama shan ruwa. Ga yadda zaki gane. Ki sa a nemo shafin makarantar da kanku, ba ta lambar da mutumin ya bayar ba, a shiga bangaren wasanni, akwai sunan kowane koci da imel dinsa, kuma adireshin jami'o'in Amurka da .edu yake karewa. A tura masa hoton wasikar a tambayeshi ko daga wajensa ta fito. Takardar da ake neman bizar dalibi da ita sunanta I-20, makaranta ce take bayarwa kai tsaye da sunan dalibi bayan ta daukeshi ta kuma ga shaidar kudin shekara daya, ba'a sayenta a hannun kowa. Kudin gwamnati kuma sananne ne, dala 350 na SEVIS wato rajistar daliban waje, da dala 185 na neman biza, kuma babu wanda ake turawa asusun wani mutum. Eh akwai kamfanonin da suke karbar kudi su tallata yaro ga kociyoyi, amma na kirkin cikinsu zasu fada miki baki da baki cewa basu da tabbacin komai. Ki gwada cewa mutumin nan ya hadaki da kocin a kiran bidiyo, ki ga yadda maganar zata koma.

Rage shekaru shine ma yafi bani tsoro. Ranar haihuwarsa tana WAEC, tana NIN, watakila tana BVN, in fasfo ya fadi wata daban an gama. A dokar Amurka wanda aka kama da karya a neman biza ana iya haramta masa shiga har karshen rayuwarsa. A shekara 21 kofar D1 ta riga ta matse, wannan gaskiya ne kuma gara ya jita yanzu, amma kwalejin shekara biyu da NAIA dokokinsu daban ne, kuma karatu bashi da iyakar shekaru. Baki fada min ko yana da WAEC ba. In babu, rajistarta tafi komai a yanzu, kuma bata kai ko kashi daya cikin goma na kudin da ake nema a wajenki ba. Ki nemo kawunsa ko wani babba da yake jin maganarsa ku zauna tare, kada ya zama ke kadai ce mai cewa a'a.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni 'yar SS3 ce a Barnawa, ina gudun mita 400, nice nake zuwa ta daya a gasar gidaje ta makarantarmu shekara uku a jere. Malamin wasanni ya auna min da agogon waya yace sakan 59. Ban san koci ko daya a waje ba kuma ban san ta inda ake farawa ba. Baba yace bai hana ba in dai karatu ne a gaba kuma bazan cire hijabi ba. Sannan jinina AS ne, kawata tace ba'a daukar AS. Dan Allah a taimaka.

AMSA: Lafiya lau kanwata, kuma ki gaida Baba, sharadinsa yayi daidai. Ke taki matsalar tafi ta kowa sauki, don a gudu ba sai koci ya so ki ba, agogo ne yake magana. Sai dai ba agogon waya ba. Lokacin da aka dauka da hannu kullum yafi na na'ura sauri, kuma babu kocin da zai karbi na gasar gidaje. Abinda kike bukata shine ki shiga gasar da hukumar wasannin guje-guje ta kasa AFN ta sani, wadda ake aunawa da na'ura a kuma wallafa sakamako da sunanki. Ki sa malamin wasanninku ya rakaki wajen masu horar da gudu a filin wasa na Ahmadu Bello, sune suka san lokacin zaben 'yan jiha. Da zarar kin samu lokaci na hukuma, akwai shafi mai suna TFRRS da yake dauke da sakamakon gudun jami'o'in Amurka, ki duba 'yan mita 400 na kowace makaranta ki gwada da naki. Sakan 59 bazai kaiki manyan D1 ba, amma a D3 da NAIA akwai tim da yawa da zasu saurareki, wasu makarantun ma sun rubuta lokacin da suke bukata a shafinsu karara. Tobi Amusan daga Ijebu Ode ta jami'ar Texas da ke El Paso ta bi, a 2022 ta kafa tarihin duniya da sakan 12.12 a tsallaken shinge na mita 100. Kuma tun 1972 akwai dokar da ta hana makarantun Amurka fifita maza akan mata, har a wasanni, shi yasa tim din mata suke da gurabe da kudi fiye da yadda muke zato anan.

Hijabi ba matsala bane. Bilqis Abdul-Qaadir da hijabinta ta buga kwallon kwando a D1, a Memphis da Indiana State, kuma yanzu manyan kamfanonin kayan wasa suna dinka hijabin gudu da dogon wando. Ki dai fadi haka tun a sakonki na farko, yadda aka amsa miki zai nuna miki irin wajen.

Kawarki kuma bata fahimta ba. NCAA tana bukatar kowane dan wasa ya kawo sakamakon gwajin sikila, amma don a kula dashi ne, AS baya hana kowa wasa. Abinda yake nufi shine dole koci da likitan tim su sani, a rika kara miki nauyin tirenin a hankali, ki sha ruwa sosai, kada ki matsawa kanki in kina zazzabi ko cikin tsananin zafi ko a gari mai tudu sosai, in kuma kikaji kafafu sun mutu ko numfashi ya gagara a tsakiyar gudu ki tsaya nan take ko waye yake miki tsawa. Wannan tun yanzu ya shafeki, musamman zafin Maris da Afrilu na garin nan, don haka ki fadawa malamin wasanninku gobe in bai sani ba. Sauran bayanin fom da tallafi da biza yana amsar farko, ki karanta tare da Baba, WAEC dinki kuma saura 'yan watanni.